Matan Abeokuta: al'ada suka yaƙa ko zalunci?

Baban Khalifa: Jiya na kalli fim ɗin Funmilayo Ransome-Kuti, wanda Bolanle Austen-Peters ta fitar a 2024. Kehinde Bankole, wadda ta fito a matsayin Funmilayo, ta yi ƙoƙari matuƙa. Amma abin da idona ya gani shi ne 'yar boko ta tara matan kasuwa sun ci mutuncin sarkinsu har ya sauka daga gadon sarauta. Duk sunan da za a ba shi, wannan yaƙi ne da al'ada.

Anti Malama: Baban Khalifa, wace al'adar? A ƙasar Egba, wato Yarbawan Abeokuta, tun asali Alake, sarkinsu, ba shi kaɗai yake yanke hukunci ba. Akwai Ogboni, wato majalisar dattawan gari, akwai sarakunan yaƙi, akwai sarautar Iyalode da ke magana da yawun mata. Bature ne ya tattara iko ya danƙa wa mutum ɗaya, Alake Ladapo Ademola, don harajinsa ya shiga ba gardama. Wanda ya fara taka al'ada shi za ka fara tuhuma.

Ɗan Zariya: Anti, duk da haka akwai ladabi. Bayarabe fa kwanciya yake rub-da-ciki ya gaida babba. Sai ga mata sun kwana ƙofar fada suna yi wa sarki waƙar zambo?

Anti Malama: Ƙanena, ka san abin da ya kai su ƙofar fadar? Tun 1918 ake karɓar haraji a hannun matan Abeokuta, alhali babu mace ko ɗaya a inda ake yanke shawara. Yarinya 'yar shekara 15 ta shiga lissafi. Matan sun yi ƙorafin cewa masu karɓar haraji kan tuɓe wa yarinya riga su duba ƙirjinta, wai su gane ko ta isa biya. Ka ɗauka ƙanwarka ce tsaye a tsakiyar kasuwa, hannu rufe da ƙirji. Ga kuma shinkafar da aka riƙa ƙwace wa 'yan kasuwa a shekarun yaƙin duniya na biyu: mace ta sha ɗawainiya ta kawo buhunta, a ɗauke a gabanta. Wane ladabi ya rage da za ta yi?

Hajiya Babba: Ni abin da ya taɓa ni daban ne. Funmilayo ita ce mace ta farko da ta shiga makarantar Abeokuta Grammar, ta yi karatu a Ingila, amma da ta shiga cikin matan kasuwa sai ta ajiye kayan Turawa ta ɗaura zane, ta koma magana da Yarbanci a taro. Mai ƙin al'adarta ba ta yin haka.

Baban Khalifa: Hajiya, na ji wannan. To amma mene ne ƙarshensa? Ademola ya sauka a Janairun 1949, a 1950 ya dawo kujerarsa.

Anti Malama: Ya dawo, amma ba irin kujerar da ya bari ya tarar ba. An soke harajin nan na kan kowace mace, mata huɗu sun shiga majalisa, ikon mutum ɗaya ya ƙare. Kuma labarin bai tsaya can ba. Gambo Sawaba ta taso daga Zariya takanas har Abeokuta don ta gana da Funmilayo.

Ɗan Zariya: Wannan kam na sha ji a bakin manya a Sabon Gari. Sai dai har yanzu waƙoƙin nan na damu na. Ana iya sauke sarki ba tare da an tozarta furfurarsa ba.

Hajiya Babba: Ɗana, takardun koke suka fara rubutawa, aka yi biris da su. Izinin zanga-zanga ma hana su aka yi, shi ya sa suka riƙa kiran taronsu biki. Sai da duk ƙofofin nan suka rufe suka ɗauki tabarmi suka nufi fada.

Baban Khalifa: Batun takardun koken ban lura da shi ba. Zan sake kallo da maman yara a daren nan, in ji me za ta ce.