Na gina sabon kanel a Debian 12, modem ɗin USB ya daina kira

Sani_Dala:

Assalamu alaikum. Ina neman taimakon masana. Tsohuwar kwamfuta ce mai Debian 12. Na sauko da linux-source-6.1, wato tushen kanel (zuciyar tsarin Linux), na yi `make localmodconfig` don ginin ya yi sauri, sannan `make bindeb-pkg`, na girka kunshin da dpkg. Tana tashi lafiya, allo da sauti da Wi-Fi duk suna aiki. Modem ɗin ne ya ƙi, Huawei E173 mai layin waya. Da kanel ɗin Debian na asali wvdial, manhajar kiran intanet ta modem, yana kiran `*99#` ya haɗu nan take. Da sabon kuwa ga abin da yake cewa:

`Cannot open /dev/ttyUSB0: No such file or directory`

`lsusb` yana nuna 12d1:1436, amma babu ttyUSB ko ɗaya a /dev. Me na bari a baya?

Malam_Habu:

Wa alaikumus salam. Modem ɗinka lafiyarsa ƙalau, Malam Sani. Lambar 12d1:1436 tana nuna usb_modeswitch ya riga ya yi aikinsa na juya na'urar ta zama modem. Da 12d1:1446 ka gani, da sai mu ce har yanzu na'urar tana nuna kanta a matsayin faifan CD. Abin da ya rage shi ne direban da zai kama ta, kuma shi ne babu a kanel ɗinka.

Dalili kuwa yana cikin `localmodconfig`. Umarnin nan yana duba abin da `lsmod` ya lissafa a daidai lokacin, duk modul ɗin da ba a loda ba sai ya kashe shi a fayil ɗin saiti. In modem ba ya jikin kwamfuta lokacin da ka buga shi, direbobinsa, wato usbserial da usb_wwan da option, duk sun tafi. Tabbatar da kanka:

`grep -E "USB_SERIAL|PPP" /boot/config-$(uname -r)`

Za ka ga `CONFIG_USB_SERIAL_OPTION is not set`, ko ma layin ya ɓace gaba ɗaya in an kashe USB_SERIAL ɗin kanta.

Hanya mafi tsafta: ka koma kanel ɗin Debian daga jerin GRUB da ake zaɓar kanel a lokacin tashin kwamfuta, ka soka modem, ka haɗu da intanet har ka buɗe shafi, sannan ka adana jerin modul ɗin da aka loda da `lsmod > /tmp/jeri`. Ka soka duk wani abin da kake amfani da shi kafin nan, filasha, firinta, waya. Daga nan cikin babban fayil ɗin kanel:

`cp /boot/config-$(uname -r) .config`
`make LSMOD=/tmp/jeri localmodconfig`
`make -j$(nproc) bindeb-pkg LOCALVERSION=-modem`

Kwafo saitin Debian ɗin nan dole ne. `localmodconfig` ragewa kawai yake yi, in ka dora shi a kan .config ɗin da ya riga ya aske, ba zai dawo maka da abin da ya cire ba. LOCALVERSION kuma yana ba sabon ginin suna na daban, don kada ya hau kan modul ɗin na baya a /lib/modules. Kunshin yana fita a babban fayil na sama, sai `dpkg -i ../linux-image-*-modem_*.deb`, shi zai gina initramfs ya sabunta GRUB da kansa. Kada ka cire kanel ɗin Debian, shi ne mafakarka in sabon ya ƙi tashi.

Injiniya_Rabi:

Malam Habu ya gama magana a kan direba. Ina so in ja hankali kan rabin da ake mantawa, wato PPP, ƙa'idar da ke ɗaukar intanet a kan layin modem, wadda manhajar pppd ke gudanarwa. Da ya ce a adana jerin bayan an haɗu da intanet, ba bayan an soka modem kawai ba, akwai dalili: soka modem yana loda option, amma ppp_async ba ya lodawa sai pppd ya fara aiki a kan layin. Wanda ya soka bai kira ba zai samu ttyUSB0, wvdial ya kira, modem ya amsa CONNECT, sai komai ya faɗi.

Saƙon kuskuren yana faɗa maka wanne ne babu. In CONFIG_PPP ce a kashe, pppd zai ce ya kasa buɗe /dev/ppp ya fita da lamba 4. A tsoffin shafuka za ka ga ana cewa a yi `mknod /dev/ppp c 108 0`. Wannan ba ya magani in modul ɗin babu shi, ƙofa ce ka kafa ba ɗaki a bayanta. In kuwa PPP tana nan amma babu ppp_async, saƙon shi ne `Couldn't set tty to PPP discipline: Invalid argument`.

Ni na fi son a rubuta su da hannu, a daina dogaro da sa'a:

`scripts/config -m USB_SERIAL -m USB_SERIAL_OPTION -m PPP -m PPP_ASYNC -m PPP_DEFLATE`
`make olddefconfig`

Ko kuma ka sa `LMC_KEEP="drivers/usb:drivers/net/ppp"` a gaban `make localmodconfig`, ya bar duk abin da ke waɗannan wurare yadda yake. Ƙarin lokacin ginin kaɗan ne.

Abu biyu game da ginin kansa. In ya tsaya yana neman fayil a ƙarƙashin debian/certs, ka yi `scripts/config --set-str SYSTEM_TRUSTED_KEYS ""`. Sannan ka shiga menuconfig ka kashe bayanan gano kuskure, wato ka zaɓi DEBUG_INFO_NONE. In ba haka ba zai haɗa maka ƙaton kunshin -dbg da ba ka buƙata, ya cinye faifai da lokaci, kuma a tsohuwar kwamfuta za ka ji a jikinka.

Sani_Dala:

Na gode, Allah ya ƙara ilimi. Na sake gini, ttyUSB0 zuwa ttyUSB2 sun fito, wvdial ya haɗu har ya nuna adireshin IP. Amma shafi ba ya buɗewa. A rahoton akwai `remote IP address 10.64.64.64` da DNS 10.11.12.13. Wani lokacin kuma yana cewa `Device or resource busy` tun kafin ya kira.

Malam_Habu:

Madalla, kanel ya fita daga zargi. Saura saiti.

10.64.64.64 ba matsala ba ce. Modem bai faɗi adireshin ɗaya ɓangaren ba, pppd ya cike gurbin da wannan, haka yake a kusan duk irin waɗannan modem ɗin. Abin dubawa shi ne 10.11.12.13 da ɗan'uwansa 10.11.12.14. Adireshin bogi ne da modem yake bayarwa in pppd ya tambaye shi DNS, wato mai juya sunayen shafuka zuwa adireshin IP, kafin cibiyar sadarwa ta turo na gaskiya. Ka raba matsalar gida biyu: `ping -c3 1.1.1.1`. In ya amsa, layin yana aiki, sunaye ne ba sa warwaruwa. Sai ka sa `Auto DNS = 0` a wvdial.conf, ka cire `usepeerdns` daga /etc/ppp/peers/wvdial in yana nan, ka rubuta `nameserver 1.1.1.1` a /etc/resolv.conf. In bai amsa ba, duba `ip route`. Tunda kana da Wi-Fi, da alama akwai tsohuwar hanya ta asali, kuma `defaultroute` ba ya ture wadda ya tarar. Ka kashe Wi-Fi, ko ka ƙara `replacedefaultroute`, pppd na Debian ya san shi.

Maganar busy kuwa ModemManager ne, manhajar da ke kula da modem da kanta, yake riƙe ttyUSB0 yana tura masa umarnin AT. Biyu ba sa kira a kan layi ɗaya. In wvdial za ka bi, `systemctl stop ModemManager` kafin nan. Ka kuma tabbatar kana cikin rukunin dialout da dip, in ba haka ba sai da sudo.

Injiniya_Rabi:

Ƙari kaɗan, don in ya sake yankewa. Ka sa `debug` a /etc/ppp/options ka bi shi da `journalctl -f`, domin Debian 12 ba ta zuwa da /var/log/syslog sai an girka rsyslog. Lambar da pppd ya fita da ita tana rage neme-neme: 8 kiran ne bai shiga ba, 10 an kasa daidaitawa, 16 modem ya ajiye layi, 19 an ƙi suna da kalmar sirri. Lamba 16 jim kaɗan bayan CONNECT yawanci APN ne, wato sunan mashigar intanet ta kamfanin layinka, ba daidai ba, ko data ta ƙare. Layin APN a wvdial.conf haka yake: `Init3 = AT+CGDCONT=1,"IP","apn-ɗin-layinka"`, tare da `Stupid Mode = 1`, kuma Username da Password kada a bar su wayam ko da kamfanin bai damu da su ba.

Kafin ka zargi saiti ka tambayi modem ɗin ta minicom, manhajar tura masa umarnin AT kai tsaye. `AT+CPIN?` ya ce READY. `AT+CREG?` ya ba da 0,1 ko 0,5, in 0,2 ne har yanzu yana neman sabis. `AT+CSQ` daga 0 zuwa 31 yake, ƙasa da 10 layin zai riƙa faɗuwa, 99 kuma bai ma iya aunawa ba. A irin wannan hali doguwar wayar USB da za ta kai modem bakin taga ta fi sake gina kanel amfani.