Na'urar da ake saka wa kifin teku: ta yaya take sanin zurfin da ya je?

Ɗan Ashaiman:

Assalamu alaikum jama'a. Ni a tashar kifi ta Tema nake aiki, nan Ghana, muna sauke kifin tuna daga jirgi zuwa ɗakin sanyi. Shekarun baya an liƙa mana takardu a bango cewa duk wanda ya ga kifi da wata 'yar roba ruwan ɗorawa a bayansa ya kawo, akwai tukuici. Robar kam mun sha gani, lamba ce kawai a jikinta. Amma akwai wani tuna mai manyan idanu da muka sauke, wata siririyar waya ta leƙo daga cikinsa. Masu karɓa ba su bari an sa masa wuƙa ba, dungurungum suka ɗauke shi. Ɗayansu ya ce min akwai na'ura a ciki da ta rubuta duk hawansa da saukarsa, wai da rana yana can ƙasa wajen mita 400 ko 500, da dare ya hayo, kullum haka.

Jiya maganar ta sake tasowa, muka yi ta gardama da wani abokin aikina. Ya ce tatsuniya ce, wayarka ma in ta faɗa ruwa ba ta da sabis, balle ƙarƙashin teku. Ni kuma abin da ya fi ɗaure min kai, me kifi zai je yi cikin duhu da sanyi da rana tsaka? Masu ilmin abin, ku raba mana gardama.

Malamin Kifi:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Abokin naka bai yi ƙarya gaba ɗaya ba, domin saƙon rediyo ba ya ratsa ruwan gishiri, GPS ma ba ya aiki a can. Inda ya kauce shi ne zaton na'urar tana aika wani abu. Ba ta aikawa, ajiyewa take yi, shi ya sa sai an sake kama kifin sannan a karanta. Takardun da ka gani na shirin hukumar ICCAT ne mai kula da tuna a Tekun Atlantika, wanda ya gudana daga 2015 zuwa 2021, aka yi wa tuna kusan 120,000 alama. Kaɗan ne daga ciki suka sami irin wadda ka gani, saboda tsada.

Abin da take rubutawa shi ne lokaci, dannawar ruwa, zafi da haske. Zurfi shi ya fi sauƙi: duk mita 10 da aka nitsa, ruwa na ƙara dannawa da kwatankwacin nauyin iskar da ke kanmu a doron ƙasa, to daga dannawar ake lissafo zurfin, kuma da wuya a kuskure. Wayar nan da ta leƙo ita ke auna haske da zafin ruwa, uwar na'urar kuma tana auna zafin cikin kifin. Inda ake lalube shi ne wurin da kifin yake a taswira. Ana duba lokacin da rana ta take tsaka don sanin gabas da yamma, kamar dai yadda Kano ke riga Akara shan ruwa da azumi, sannan tsawon yini ya nuna kudu da arewa. A watan Maris da Satumba, lokacin da dare da rana suke daidai ko'ina, lissafin kudu da arewa watsewa yake yi.

Dalilin nitsewar kuwa ciki ne. A 1942 sojojin ruwan Amurka suna gwada na'urar gano jirgin ƙarƙashin ruwa kusa da San Diyego, sai ta riƙa nuna musu kamar ƙasan teku a wajen mita 300 zuwa 500, alhali ƙasan na can nesa. Magariba na yi "ƙasan" ya taso sama, asuba ya koma. A 1945 wani masanin halittun teku, Martin Johnson, ya nuna cewa halittu ne: ƙananan kifaye masu fitila a jiki, da jatan lande da danginsu. Abincinsu na sama inda rana ke kaiwa, amma duk wanda ya tsaya a haske za a gan shi a cinye, sai suke hawowa su ci da dare, su ɓuya a duhu da rana. Tuna mai manyan idanu bin su yake yi, idanun ma na wannan aikin ne.

Sai dai sanyin can ƙasa ba ya barinsa ya zauna. In ka ga zanen da na'urar ke fitarwa, yinin ba a miƙe yake ba, haƙora-haƙora ne: ya nitsa, jikinsa ya fara hucewa, ya harbo sama ya ɗumama na ɗan lokaci, ya koma. Kifi mai takobi, wato mai dogon baki kamar takobi, ya fi shi dabara. Frank Carey da Bruce Robison sun bi shi da jirgi suna sauraron ƙarar na'urar da suka soka masa, suka wallafa a 1981 cewa yana kai mita 600 da rana, kuma zafin ruwan da yake ratsawa na iya canjawa da digiri 19 cikin awa biyu. Daga baya Carey ya gano wata tsoka kusa da idonsa da ke ɗumama masa ido da ƙwaƙwalwa.

Jikan Sarkin Ruwa:

Malam, Allah ya ƙara basira, amma ni ban gamsu duka ba. A Yawuri na tashi, a gidan masunta. Kifin da ya tsinke daga ƙugiya ma mun san halinsa na canjawa, balle wanda aka farka wa ciki aka ɗinke. Me ya tabbatar muku ba gudun wahala yake yi ba? Kuma in ba a sake kama shi ba fa, kuɗi sun bi ruwa ke nan?

Ɗalibar Teku:

Baba, tambayarka ita ce wadda malaminmu ya fara yi mana kafin ya ba mu bayanan mu duba. Gaskiya ne kwanakin farko sukan fito a hargitse, kuma sau da yawa gefe ake ajiye su. Amma kifin da ya yi wata shida ko shekara yana sauka daidai fitowar alfijir, yana hawowa daidai faɗuwar rana, wannan ba firgita ba ce. Abin da ya fi gamsar da ni shi ne wata. A daren da farin wata ya cika, kifi mai takobi ba ya hawowa sama sosai, yana ɗan tsayawa ƙasa, saboda abincinsa ma ya ƙi hawowa. Rauni bai san goma sha huɗu ga wata ba.

Maganar asara kuwa, ita ta haifar da irin ta biyu, wadda ake ɗaurawa a waje, gindin ƙayar baya. Barbara Block da abokan aikinta suka fara gwada ta a 1997 a kan manyan tuna a gaɓar Karolina ta Arewa. Ana saita mata rana; ranar na cika sai batir ya tura wuta cikin wani ɗan ƙarfe, gishiri ya cinye shi, na'urar ta saki ta taso kan ruwa ta aika wa taurarin ɗan Adam na Argos abin da ta tara. In ta ga zurfi bai canja ba kwanaki a jere, alamar kifin ya mutu, ita ma saki take yi. Guda ɗaya na cin dala dubbai, kuma batirin yakan mutu kafin ta gama aikawa, don haka taƙaitawa take turowa. Wanda ya tsince ta a bakin teku shi ke da cikakken labari.

Wani lokaci ma labarin wani kifin ake samu. A Kanada an ɗaura wa wasu dogayen kifaye masu siffar maciji guda 8 a mashigar Sen Lorans, sai 6 suka nuna zafi ya yi tsalle ya haura digiri 20 a cikin ruwa mai sanyi, salon nitsewa ma ya canja. Haɗiye su aka yi har da na'ura, kuma salon ya fi kama da na wani kifin shak mai ɗumin ciki. An wallafa wannan a 2012.

Kuma kada a ɗauka doka ce ba togiya. David Sims ya nuna a 2005 cewa wani ƙaton shak mai tace ruwa da baki yana juya abin a yammacin mashigar da ke tsakanin Ingila da Faransa: sama da rana, ƙasa da dare, don abincinsa a can haka yake yi.

Jikan Sarkin Ruwa:

To 'yata, na yarda da ta watan. Amma kun ga ai kun tona wa kifi asiri. Duk mai babban jirgi yanzu ya san awa da zurfin da zai zuba mamari, doguwar igiyar nan mai ƙugiyoyi.

Malamin Kifi:

Yallaɓai, masu jirgi sun riga masu bincike sani. Tun tuni suke zuba mamari can ƙasa da rana don tuna mai manyan idanu, su zuba shi sama-sama da dare da 'yan fitilu don mai takobi. Abin da na'ura ta ƙara shi ne nuna wa ke ina a lokaci guda. Kunkurun teku, wanda ba a so ƙugiya ta kama, yawanci bai cika wuce mita 100 na sama ba, mai takobi kuma da rana yana ƙasa da haka nesa. A kan wannan aka gina wata hanyar kamun mai takobi a Kalifoniya, ta zura 'yan ƙugiyoyi can ƙasa da rana a ƙarƙashin wani abu mai yawo a kan ruwa, ana tsaye ana kallo. Amurka ta amince da ita a 2023.

Ni abin da ya fi damuna yana nan kusa da ku, Ɗan Ashaiman. A gabashin Atlantika, daura da Afirka ta Yamma, akwai wani falle na ruwa mai ƙarancin iskar oksijin ba nisa da sama. Na'urori sun nuna kifin malin, mai tsinin baki, a wannan ɓangaren ba ya nitsa kamar ɗan'uwansa na yamma, ruwan ya tokare shi. Binciken Lothar Stramma da abokansa na 2012 ya ƙiyasta cewa sararin da irin waɗannan kifaye ke iya zama a wannan ɓangare na Atlantika ya ragu da kashi 15 cikin ɗari daga 1960 zuwa 2010. Kifin da aka matse sama ya fi saurin cin ƙugiya, sai kamu ya yi kyau, mai lissafi a ofis ya rubuta cewa kifi na nan da yawa, a bar jirage su ci gaba.