Kwana da waya a ƙarƙashin matashi: ina neman shawara

Assalamu alaikum 'yan'uwa. A Garwa nake, kuma da zafin nan na Afrilu a tsakar gida muke kwana, sai in tura waya ƙarƙashin matashi saboda ɓarayi. Hankalina ya tashi da na karanta cewa a 2011 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa igiyoyin da waya ke fitarwa cikin abubuwan da watakila suke jawo ciwon daji.

An ce in kashe ta. To, Inna tana Marwa ba lafiya, kira na iya zuwa tsakar dare. Ga rezonmu (sabis ɗin waya) da rauni, wayar kuwa ƙara ƙarfinta take yi wajen nemansa.

Don Allah likitoci, nisan kamu nawa ya isa tsakanin waya da kaina? Jaririyarmu ma kusa da ni take kwana.