Dattin kunnen ɗana ya daskare, ya fara daina ji sosai

Assalamu alaikum iyaye mata da ma'aikatan lafiya, don Allah ku ba ni shawara.

Ɗana shekararsa 5. Tun shigowar hunturun nan sai an kira shi sau biyu ko uku kafin ya waiwayo. Na ɗauka taurin kai ne, har malaminsu na Islamiyya ya yi ƙorafin haka. Da na haska kunnensa na dama da fitilar waya, sai na ga datti baƙi ƙirin ya toshe ramin, ya bushe kamar ƙullin daddawa.

Laifina ne, na sani. Kullum bayan wanka da tsinken auduga nake goge masa, ashe ƙara tura dattin ciki nake yi. Wata nas maƙwabciyarmu ce ta ce min kunne da kansa yake fito da shi, bakin kunnen kawai ake sharewa da tsumma.

Na ɗiga masa man zaitun, ɗigo biyu safe da dare, kwana 4, amma ko gezau. Kakarsa kuma ta dage sai ruwan albasa, ban yarda ba.

Abin da ke damuna, yana ɗan shekara 2 wannan kunnen ya taɓa zubar da mugunya, kuma nas ɗin ta ce in dodon kunne ya taɓa hujewa ba a wanke shi da sirinji. Yanzu dai ba zazzaɓi, ba ya kukan ciwo, sai yawan sosawa.

In ci gaba da man, ko in dakata har likitan kunne ya duba shi? In ba a wanke ba, da me ake cirowa, kuma yaro zai ji zafi?