Wai me za mu kira precision agriculture da Hausa?

Jama'a masu fassara da 'yan aikin gona ku matso kusa. Wannan kalmar tana yawan fitowa a binciken jami'o'i kan ban ruwa, kuma duk wanda ya ci karo da ita sai ya rubuta "noman zamani" ya wuce abinsa. Ni dai bai min ba. Tarakta ma ai zamani ce, takin buhu ma zamani ne, mutum zai iya mallakar duka biyun ya malale gonarsa da ruwa tun daga wannan bakin har wancan bai auna komai ba, to shi ma noman zamanin yake yi, amma ba abin da ake nufi kenan ba.

Abin da ake nufi shi ne gona ɗaya ba ƙasa ɗaya ba ce. Gefen nan yashi ne ruwa na zurarewa nan da nan, can ƙasa-ƙasa laka ce tana riƙe ruwa har saiwa ta fara ruɓewa, in ka ba su ruwa kai ɗaya to ɗaya zai sha ƙishi ɗaya kuma ya ƙware. Sai masu bincike su binne ma'aunin danshi a wurare daban-daban, wani kusa da sama wani can inda saiwa ke kaiwa, su haɗa da hoton tauraron ɗan adam wanda ke gane ganyen da ya galabaita daga irin hasken da yake mayarwa tun ido bai gani ba (tun tauraron Landsat na 1972 ake wannan), sannan GPS ya nuna daidai inda matsalar take. A Jami'ar Jojiya ta Amurka har sun yi aiki kan injin ban ruwan nan mai zagaye gona, yadda bakunan feshinsa za su riƙa buɗewa suna rufewa da kansu gwargwadon taswirar gonar, ya zo kan kwari ya rage, ya hau tudu ya ƙara. Kuma ba ƙaramar magana ba ce, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta ce kusan kashi 70 cikin 100 na ruwan da duniya ke ɗiba daga koguna da ƙarƙashin ƙasa noma ne ke shanye shi.

Su ma turawan ba rana ɗaya suka tsaya kan suna ba fa. Pierre Robert na Jami'ar Minnesota, wanda ake kira uban wannan fanni, a shekarun 1980 abin da yake cewa ya fi kusa da "noma gwargwadon ƙasa", daga baya ne sunan yanzu ya yi rinjaye. Saboda haka ba dole ba ne mu maƙale wa kalmarsu, aikin za mu duba.

Wani ɗan'uwa ya kawo "noman daidaito". Malam ka yi haƙuri, wannan ita ce ta fi ban tsoro duk cikinsu, don Bahaushe in ya ji daidaito raba-daidai yake ji, kowa ya samu abin da ɗan'uwansa ya samu, wato kishiyar abin kenan ƙiri-ƙiri. Na san daidai ruwa daidai tsaki kake hange, kuma ma'anar ta hau, amma da zarar ka ce daidaito ta zame.

"Noman kimiyya" ta yi faɗi, mai haɗa irin shuka a ɗakin gwaji ma kimiyya yake. "Noman tsanaki" tana da daɗin faɗa wallahi, sai dai hali take yabo ba hanya ba, tsohon da ke bi shuka-shuka da fartanya ai ya fi kowa tsanaki kuma bai taɓa ganin taswira ba. "Noman ƙididdiga" kuwa kamar a ofis ake yinsa.

Wadda na daɗe ina juyawa ita ce "noman awo", gajera ce, kuma awo shi ne zuciyar abin, kamar dai awon ciki a asibiti, a duba a gani kafin a ba da magani. Amma wata 'yar'uwa ta ce ita in ta ji noman awo hatsin da za a kai kasuwa a auna take ji, kuma gaskiyarta, wannan ma'anar ta riga ta zauna a kunne ba za ka ture ta ba.

To ga tawa: noman auna-ka-zuba. Hausa dama tana gina suna haka, irin su faɗi-ka-mutu, kuma wannan ya ɗauko matakan biyu a jere, ka fara aunawa sannan ka zuba, ruwa ne ko taki ko iri duk zubawa ake yi. Ku gwada ta a jimla ku ji, "sashen nazarin ƙasa na bincike kan ban ruwan auna-ka-zuba", ko manomi ya ce "bana auna-ka-zuba zan yi wa masarar nan". Eh ta ɗan yi tsawo a kan allon ƙofar ofis, na yarda, kuma wasu malaman za su ce ba ta da kwarjinin boko, ni wannan bai dame ni ba tunda wanda bai taɓa jin ta ba ma zai gane rabin zancen.

Inda take da rauni shi ne girbi, don akwai injin da ke auna yawan amfanin kowane yanki yana cikin yanka, nan ba zubawa ake ba, kwasa ake, duk da dai awon na bana shi ke faɗa maka abin da za ka zuba baɗi. Masu tambayar ban ruwa ta siririn tiyo mai ɗiga a gindin shuka kuma, wannan ba sai mun wahala ba, ban ruwan ɗigo ya wadatar, kada dai a haɗe su, mai ɗigo ma in bai auna ba ɓarnar ruwa zai yi, a hankali dai.