Ɓacewar kuromosom Y a tsufa: tana taɓa yadda mutum ke jin jinsinsa?

Ɗalibin_Kimiyya: Assalamu alaikum. Ana cewa in namiji ya manyanta, kuromosom Y ɗinsa (ɗaya daga cikin zaren gado da ke cikin ƙwayoyin jiki) kan ɓace. Tunda Y ne ke sa a haifi namiji, shin hakan zai iya sa dattijo ya daina jin kansa namiji?

Mai_Awon_Jini: Wa alaikumus salam. Ba daga jiki duka yake ɓacewa ba. A fararen ƙwayoyin jini aka fi ganinsa, tushen kuma ɓargo ne. Lokacin da ƙwaya ke rabuwa biyu, wani sa'in Y yakan makara, sai ɗaya ta fito da X kaɗai maimakon X da Y na namiji. Da babban kuromosom ne ya faɗi, da wuya ta rayu. Y kuwa ƙarami ne, ƙwayoyin gadonsa kaɗan ne, sai ta yi ta haifar irinta, jinin ya zama gauraye. Tun 1963 Patricia Jacobs ta lura da wannan. Binciken UK Biobank (rumbun bayanan lafiya na Birtaniya) na 2019, a kan maza fiye da 200,000, ya same shi a wajen ɗaya cikin biyar, a masu shekara 70 kuwa wajen kashi 40 cikin ɗari.

Malama_Ilimin_Gado: Malam Ɗalibi, babu hujjar kimiyya da ta haɗa abubuwan nan biyu, lokutansu ma sun yi hannun riga. Ƙwayar gadon SRY da ke kan Y tana aikinta ne a mako na 6 zuwa 7 na ciki: ta sa maraina su ginu, su kuma su saki sinadarin testosteron. Daga nan gini ya tsayu. Yadda mutum ke jin jinsinsa yawanci tun yarinta yake bayyana, ɓacewar Y kuwa sai furfura ta fito. Testosteron ɗin ma daga maraina yake, ba farar ƙwayar jini ke yin sa ba. Kada kuma a haɗa da larurar Turner, wadda ake haihuwar mace da ita da X guda.

Dokta_Zuciya: Gaskiya ne, Malama. Abin dubawa daban ne. A Uppsala ta Suwidin, Forsberg da Dumanski sun danganta ɓacewar Y da ciwon daji (kansa) da gajeruwar rayuwa a 2014, da shan taba a 2015. A 2022, gwajin ɓerayen da aka cire wa Y daga ƙwayoyin jini a Jami'ar Virginia ya nuna tabo na taruwa a tsokar zuciyarsu. A mutane dai alaƙa aka gani, ba a ce shi kaɗai ne sanadi ba. Cikin abubuwan da ke ƙara shi, taba ce ke hannun mutum.

Mai_Awon_Jini: Ƙari kan awo: ana kwatanta yawan ƙwayar gadon AMELY ta kan Y da takwararta AMELX ta kan X ta hanyar PCR (gwajin da ke ninka ƙwayar gado don a iya auna ta). A fara tambayar ko an taɓa yi wa mutumin dashen ɓargo. In mace ce ta ba shi, jininsa XX irin na mata zai nuna, ba ruwan tsufa.