Shin gwamna yana da hurumin dakatar da sallar Juma'a saboda annoba?

Mai tambaya, daga Jega:

Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin haske daga malamai da masana doka. A shekarar 2020, lokacin korona, an dakatar da sallar Juma'a da tafsirin azumi a jihohi da dama, Saudiyya ta tsayar da Umara, kuma maniyyatanmu ba su sami zuwa aikin Hajji ba a 2020 da 2021. Har yau ba mu daina gardamar wannan a majalisarmu ba. Idan wata annoba ta sake ɓulla, Allah ya kiyaye, gwamna yana da hurumin rufe masallaci ko coci, ko kuwa iyakarsa ya ba da shawara?

Lauya, daga Birnin Kebbi:

Wa alaikumus salam, Malam. Sashe na 38 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin addini, har da yin ibada a bainar jama'a tare da wasu, amma sashe na 45 ya yarda a taƙaita wannan 'yanci saboda tsaro ko zaman lafiya ko lafiyar al'umma. Sharaɗin da mutane suke mantawa shi ne dole taƙaitawar ta kasance da doka, kuma dokar ta zama mai hujjar da hankali zai karɓa. Sanarwar rediyo kaɗai ba doka ba ce. Shi ya sa da Shugaba Buhari ya kulle Legas da Ogun da Abuja daga 30 ga Maris 2020, ya dogara da dokar killace masu cuta ta 1926.

Malami, daga Gwandu:

Barista ya yi bayanin ɓangarensa. A fiƙihu kuwa, barin jam'i saboda uzuri ba baƙon abu ba ne. Ibn Abbas ya umarci ladaninsa a ranar ruwan sama ya ce wa mutane su yi salla a gidajensu, kuma Muhtasar na Halil, wanda ake karantawa a zaurukanmu, ya lissafa ruwa mai ƙarfi da taɓo da rashin lafiya da kuturta cikin uzurorin barin Juma'a. Da Sayyidina Umar ya ji labarin annoba a Sham, juyawa ya yi da jama'arsa. Sai dai inda malamai suka rabu a 2020 shi ne, waɗannan hujjoji suna sauke wa mutum ɗaya nauyin halarta, ba su faɗi ƙarara cewa a sa wa masallaci kwaɗo ba. Masu yarda da rufewa sun kafa hujja da ƙa'idar kawar da cuta da kuma biyayya ga shugaba a abin da yake maslaha, kuma Majalisar Ƙoli ta Harkokin Addinin Musulunci, ƙarƙashin Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar, ta nemi a bi umarnin hukuma. Ni na fi karkata ga wannan, matuƙar amintattun likitoci ne suka tabbatar da haɗarin, kuma aka faɗi ranar da za a sake duba hukuncin.

Ɗan kasuwa, daga Argungu:

Allah ya gafarta Malam, ba hujjar ce ta dame mu ba, mudun da aka auna da shi ne. An sami mai cutar na farko a Legas ranar 27 ga Fabrairu 2020, amma a tsakiyar Maris aka yi bikin kamun kifi a nan garinmu, jama'a maƙil a bakin kogin Matan Fada, Shugaban Ƙasa da kansa ya halarta. Makonni kaɗan bayan haka aka fara cewa sahun salla haɗari ne. Wanda ya ga wannan da idonsa, kuma yana ganin cunkoso a kasuwa da tasha, da wuya ya gaskata mai shela. Ba na goyon bayan abin da matasa suka yi a Kusada ta jihar Katsina, inda suka ƙona ofishin 'yan sanda a kan hana Juma'a, amma irin wannan rashin yarda ne ya haife shi.

Ma'aikaciyar jinya, daga Zuru:

Alhaji yana da gaskiya a kan rashin daidaito, kuma a nan, inda masallaci da coci suke maƙwabtaka, mun ji ƙorafin daga ɓangarorin biyu. Amma ina roƙon a daina yi wa kowace annoba kuɗin goro. Kwalara ta ruwa da abinci take bi, don haka rufe masallaci ba zai tare ta ba, gyara wurin alwala da banɗaki ne zai taimaka. Sanƙarau, irin wanda ya yi ɓarna a Zamfara da maƙwabtanta a 2017, da korona, ta numfashi suke yaɗuwa, musamman a ɗaki mai cunkoso marar iska. Ga irin waɗannan akwai matakai kafin a kai ga kwaɗo: a yi salla a fili, a gajarta huɗuba, a raba jama'a masallatai da yawa, tsofaffi da masu tari su zauna a gida. Barista, idan gwamna ya tsallake duk waɗannan ya tafi kai tsaye ga rufewa, kotu za ta iya tambayarsa dalili?